Wutsiyar Waya a Ɗakin Haihuwa na Paiko

Ku da kuke shigowa shagona a Tudun Fulani kuna cewa, "Baba Sule, ai wannan aikin a waya na kalla, cikin minti goma na iya," ku jawo benci ku zauna. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Matse kan kebul kam, ko mai rake na bakin titi in ya tsaya ya kalle ni sau uku zai matse. Amma ga guntun kebul na fere muku, ku duba cikinsa. Siraran wayoyi takwas ne, bibbiyu a murɗe da juna: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowane launi da farar abokiyar tafiyarsa. To ku gaya mini, a irin kwamfutocin da muka fara da su, guda nawa ne cikin takwas ɗin nan suke aiki? Kada ku ji kunya, ni ma shekara shida na yi ina cin tuwo da kebul ɗin nan ban san amsar ba, sai da wani aiki a Paiko ya kusa ɓata mini suna.

Ni ba da kwamfuta na fara ba, da tarho na fara, wayar girke ta kan tebur mai lanƙwasasshiyar igiya. Maigidana Baba Ndagi ne, Banufe, gajere kakkaura, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan turakun waya na garin nan. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: filaya, sukundireba, bel ɗin ɗaure ƙugu a turke, da wata wayar gwaji mai ƙugiya biyu da muke maƙalawa a layi mu saurara. Ragowar kayan aikin a baki suke, domin da haƙori muke fere waya. Ga giɓin nan, ba dambe na yi ba.

Aikin da ba na mantawa a shekarata ta farko shi ne na gidan wani babban ma'aikacin gwamnati. Baba ya bar ni in ƙarasa ciki, shi yana kan turke. Na ja waya ta bi bango sumul, na kai ta akwatin falo, na yanke ta daidai wa daida, ko tsawon ɗan yatsa ban bari ba. Na ja da baya ina sha'awar aikina. Baba ya shigo, ya buɗe akwatin, ya leƙa, ya ce, "Sule, ina wutsiya?"

Wutsiya ita ce rarar waya, kamu biyu, da yake naɗewa a yatsunsa ya tura bayan akwati kafin ya rufe. Ba mai ganinta, ba mai gode maka a kanta. Na ce, "Baba, ai ɓarnar waya ce, kuma aikin ya fi kyau haka."

Ya ce, "Ya fi kyau yau. Gobe in bakin wayan ya ci tsatsa, da mene za ka gyara? Da gashin bakin ka?"

Ya sa na zare wayar nan tun daga turke na sake ja, cikin ranar Minna ta bazara mai narka kwalta. Na yi fushi, har na rantse a raina ba zan dawo washegari ba, amma na dawo. Daga ranar yatsuna suka koyi naɗe wutsiya.

A wancan zamanin mu ne 'yan gata. Manyan mutane suna aiko mana da mota, matan gida suna ajiye mana cinyar kaza, don kawai layinsu ya yi rai. Sai wayar hannu ta shigo, kuma ba ta yi sallama ba. Cikin ɗan lokaci tarhon da ake shimfiɗa wa kyalle mai ado a falo ya koma saman wadurof, ko hannun yara suna wasan ofis da shi. Ɓarayi suka bi dare da rana suna yanke kebul don jan ƙarfen da ke ciki, ba mai tambayar su. Akwai shekarar da na yi wata huɗu cur ba wanda ya kira ni aikin waya. Fanka na gyara, risho na gyara, har dutsen guga. Wani alhajin da a da yake kirana "ƙanena" ya gan ni a kasuwa da jakata ya ce, "Sule, har yanzu kana yawo da gawar nan?" Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Baba Ndagi ya tattara ya koma gidansa a Shango yana noman doya, ni kuwa na ce ni da tarho haihata-haihata.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da aka fara buɗe shagunan intanet a wajen Bosso saboda ɗalibai, na kutsa kai. Na haddace jerin launukan nan kamar jadawalin lissafi: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa, ƙasa. In jera, in tura cikin kan roba, in matse, fitila ta kawo kore, shi ke nan. Ban taɓa tambayar me kowace waya take yi ba, tunda fitila tana kawowa. Aka fara kirana Injiniya, kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Na daina zuwa gaida Baba. Duk wanda ya ambaci tarho a gabana, ni ne na farkon cewa, "Ya mutu, an yi jana'iza, na halarta."

Ana haka Sista Rifkatu ta neme ni. Ungozoma ce 'yar kudancin Kaduna, ta yi shekaru tana aiki a Minna, ta tara abin da ta tara ta gina ƙaramin asibitin haihuwa a Paiko. Dalilinta shi ne ta gaji da ganin matan ƙauyuka da na rugage ana loda su a bas da naƙuda, wasu su haihu a hanya. Ginin kashi biyu ne. A gaba akwai ofis da ɗakin likita, a baya kuma, ƙetaren tsakar gida, ɗakin haihuwa ne a gindin dutse. Aikina shi ne in haɗa kwamfutar ɗakin haihuwa da ta likita, domin wata ƙungiyar agaji ta ba ta na'urar hoton ciki, kuma hoton zai riƙa tafiya daga baya zuwa teburin likita.

Ranar da muke binne bututun roba a tsakar gida ta ce mini, "Oga Sule, ka sa mini wayan tarho ma a ciki, saboda in wahala ya taso nas ta kira gaba."

Na yi dariya, dariyar da har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ce, "Haba Sista, a wannan zamanin? Kowace nas da wayarta a aljihu. Tarho ya mutu." Ta ce to ni ne masani. Na ja kebul ɗaya tak a bututun, ko igiyar ja ban bari a ciki ba. Aka zuba kankare a tsakar gida, aka yi wa ɗakin haihuwa rufin kankare, aka manne shi da farin tayil daga ƙasa har sama.

Wata ranar Litinin da hantsi ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ji ba. Da na isa ta ja ni ɗakin haihuwa, ta rufe ƙofa, ta ce, "Kira matan ka." Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Dutse a baya, kankare a sama, bango mai kauri. Sai ka fito tsakiyar tsakar gida ka ɗaga hannu sama kafin sandar sabis ɗaya ta leƙo.

Ta ce, "Ranar Alhamis masu duba asibiti za su zo. Sun ce dole akwai hanyan kiran likita daga dakin nan. In babu, ba za su sa hannu ba, kuma sai bayan damina za su sake zagayowa."

Na ce wannan mai sauƙi ne, a cire kwamfuta a ba tarho kebul ɗin. Ta girgiza kai. Mutanen ƙungiyar da suka ba ta na'urar hoto tare za su zo, kuma in suka tarar ba a haɗa ta ba, akwai wani asibitin da yake jiran ta. Wato in babu tarho babu izinin buɗewa, in babu kwamfuta babu na'ura, ga shi kebul ɗaya ne a ƙasa, kuma ni na sa shi.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na zura siririn ƙarfe a bututun, ya tafi kamar taku shida ya tsaya cak: nauyin kankare ya matse bututun, ya riƙe kebul ɗin gam, ba gaba ba baya. Na ce a fasa tsakar gida, magini ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ko an fasa yau ba zai bushe kafin Alhamis ba. Na ce a bi ta sama, sai na tuna damina ce, kuma da idona na sha ganin wayar sama ta jawo tsawa ta ƙone akwati ƙurmus. Ban da haka sai an huda tayil ɗin da ake wankewa da magani kullum. Sista ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Cewa kawai ta yi, "Oga Sule, na tambaye ka fa." Na fito, ban ma ga mai kiran fasinja ba sai da ya ja rigata.

Da tsohuwar zuma ake magani. Washegari da safe na nufi Shango, shekara uku rabona da gidan. Na tarar da Baba Ndagi a gindin mangwaro yana laluben wata tsohuwar rediyo, idanunsa sun yi yana, amma kunnensa garau. Tun kafin in gama sallama ya ce, "A'a, Injiniya ne? Yau kwamfuta ya ba ka hutu?"

Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na gaya masa, har da dariyar da na yi wa Sista. Bai ce mini komai a kan shekara ukun ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi irin kebul ɗin. Na fere guntu na sa masa a tafi, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa ne a ciki?"

"Takwas, Baba."

"Tarho waya biyu yake ci. Kwamfutan ka nawa yake ci?"

"Takwas ɗin mana."

"Ka gani da idon ka, ko an gaya maka?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Ka manta babban kebul na hanyan kasuwa? Gida hamsin a cikin fata guda. Ka taba jin maganan alhaji ya shiga gidan fasto? Bai shiga, saboda kowane biyu an murda su tare, suna rike sirrin su. Wanda ya murda wannan, dan gidan mu ne. Kuma dan gidan mu ba ya yin kebul bai bar rara ba. Je ka yanka su daya daya, ka ga wanda zai yi kuka."

Ban san lokacin da na hau acaɓa ba. A shago ina da tsofaffin kwamfutoci biyu irin na asibitin. Na haɗa su ta ƙaramin suwic, akwatin nan mai 'yan fitilu da kebul ɗin kowace kwamfuta yake shiga, na sa ɗaya tana tura wa ɗaya bidiyon wani biki mai tsawo. Na tsaga rigar kebul ɗin a tsakiya, na ɗauki filaya, na yi bisimilla na datse ruwan ƙasa. Fitila tana ta ƙyafta ido abinta. Na datse fararta, bidiyo yana tafiya. Na datse shuɗi, na datse fararsa, wallahi ko gezau! Waya huɗu a yanke suna reto, aiki bai tsaya ba. Don in tabbatar ba mafarki nake ba na kai wa kore filaya, nan take fitila ta mutu. Ihun da na yi sai da wata Bafulatana mai tallan nono ta dafe ƙwaryarta ta leƙo tana cewa, "Lafiya, mai waya?" Na ce, "Lafiya lau, huɗu barci suke yi!" Ta dube ni ta yi gaba da sauri.

Ashe duk shekarun nan lemo da kore ne kaɗai suke ɗaukar kaya, shuɗi da ruwan ƙasa 'yan rakiya ne. Ke nan a ƙarƙashin kankaren Sista akwai layin tarho a kwance, ni na binne shi da hannuna ban sani ba. Na jawo wani tsohon akwatin intakom daga ƙarƙashin tebur, irin wanda yake haɗa tarhon ɗaki da ɗaki kuma yake aiki da batir in an ɗauke wuta, na kaɗe masa ƙura. Na samo tarho biyu, ɗaya daga saman wadurof ɗin gidana.

Ranar Laraba da sassafe na biya Shango don in yi wa Baba albishir, sai na tarar da shi a ƙofar gida cikin tsohon kakinsa, an goge shi har yana ɗaukar ido, wayar gwajin nan rataye a ƙugu. Ya ce, "Mu je." A cikin bas ɗin Paiko, tsakanin buhunan gari da wata mata mai kaji, ya juyo ya yi mini tambayar da ta tsinka mini zuciya: "Ka bar wutsiya?"

Ban sani ba. A ofishin gaba na san akwai rara, tunda kebul ɗin a fili yake. Amma a ɗakin haihuwa akwatin yana cikin bango, tayil ya kewaye shi. Kafin in raba kebul gida biyu sai na cire tsohon soket, na yanke bakin da aka riga aka matse, na fere sabo, na kai lemo da kore rami ɗaya, shuɗi wani ramin. In daidai wa daida na yanke, babu abin da zan kama, duk murnar jiya ta tashi a banza. Kuma a shekarun nan na Injiniya na sha yi wa wutsiya dariya, ina ce mata aikin tsofaffi. Abin da kawai na tuna game da ranar da na rufe soket ɗin shi ne muna gardamar ƙwallo da mai manna tayil.

Sukurori biyu ne a fuskar soket ɗin, amma kafin in kwance su gumi ya jiƙa mini riga. Sista tana tsaye a kaina, Baba yana dafe da ƙofa. Na janye fuskar a hankali, na zura yatsu biyu cikin ramin, na taɓo wani abu mai santsi a naɗe. Na jawo, ya biyo. Na ƙara ja, ya ƙara biyowa. Kamu biyu cif, an naɗe ta tsaf irin naɗin Baba! Ashe baki yana gardamar ƙwallo, kai yana taƙamar Injiniya, yatsu kuwa suna aikin da aka koya musu a ranar bazara. Na ɗaga ta sama ina cewa, "Baba, ga ta! Ga ta nan!" Ya laluba ya taɓa, ya ce, "To, kan ka ne ya lalace, hannun ka yana nan."

Muka fara da ofishin gaba. Na tsaga kebul ɗin, lemo da kore suka tafi suwic, shuɗi da fararsa suka shiga layi na biyu a akwatin intakom, ruwan ƙasa na naɗe na ajiye don wata rana. Baba yana ta jaddada mini kada in warware murɗin ya wuce faɗin farce, don murɗin ne katangar da ke tsakanin maƙwabtan nan biyu. Na dasa tarho na ɗaya a teburin ofis, na kunna akwatin na ga ya kawo, na bar su nan na ruga baya.

A nan na yi kuskuren da ko ɗan wata ɗaya a aikin tarho ba ya yi. Ban kashe akwatin ba. Ɗoki ya ɗebe ni, filaya tana can gaba, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa: na sa shuɗi da fararsa a baki zan fere. Can a ofis kuwa Sista ta kasa haƙuri, ta tambayi Baba lambar ɗakin haihuwa, ya ce biyu, ta ɗaga tarho ta danna. Ku da ba ku san tarho ba, wutar da take sa shi ƙara ba wasa ba ce. Ji na yi kamar an ɗirka mini guduma a muƙamuƙi, idona ya ga taurari, na faɗi zaune a kan tayil. Amma kun san me? Tun ina ƙasa na fara dariya. Wutar nan ta taso daga ofis, ta bi ta ƙarƙashin kankare, ta iso bakina. Layi yana da rai! Na fito tsakar gida da kumburarren harshe ina ihu, "Ya ja ni! Sista, ya ja ni!" Ita ta zaci na zare, Baba kuwa dariya har da riƙe ciki. A rayuwata ban taɓa murnar jan wuta ba sai ranar.

Na kashe akwatin, na ƙarasa aikin kamar mai hankali. Sabuwar fuska mai rami biyu, na sama na kwamfuta, na ƙasa na tarho, na rubuta a jikin kowanne, na mayar da ragowar wutsiya ciki. Saura tambaya ɗaya: in tarho yana ƙara, wutar da ta kayar da ni ba za ta firgita kwamfuta ba? Sista ta kwantar da wata nas mai juna biyu ta ɗora mata na'ura a ciki, muka tura hoton gaba, a daidai lokacin Baba yana ta buga lamba biyu ba ƙaƙƙautawa. Tarho yana kuka a kunnenmu, hoto yana tafiya. Na ruga ɗakin likita na tarar da ɗan tayin nan a allo, kai da ƙafafu, ba abin da ya ɓace. Sau goma muka maimaita. A na goman Sista ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gefen zanenta tana cewa, "Na gode wa Allah, na gode wa Allah."

Kada ku tashi daga nan ku ce Baba Sule ya ce a riƙa raba kebul. Dabarar fita kunya ce, ba tsarin gini ba. Na'urorin yanzu masu gudu duk takwas ɗin suke cinyewa, in ka ba su huɗu sai su koma tafiyar kura, ga kyamarorin da suke shan wutarsu ta cikin kebul ɗin. In bango a buɗe yake, ku ja biyu, ku bar igiyar ja a bututu. In mai gida ya ce a sa masa abu, kada ku yi masa dariya. Wutsiya kuwa, duk wanda na kama ya yanke daidai wa daida a aikina, daga farko zai sake ja, kuma zan zaɓar masa rana mai zafi.

Ranar Alhamis suka iso da azahar, mota biyu. Shugabar masu dubawar wata hajiya ce mai tabarau, ba ta dariya, fayil a hammata. Ta duba ruwa, ta duba gadaje, ta shiga ɗakin haihuwa ta sa aka rufe ƙofa. Ta ciro wayarta ta duba, ta ɗago ta kalli Sista ta saman tabarau. Ta ce, "In jini ya ɓalle wa mace a nan, yaya za a yi?" Sista ta nuna tarho. Hajiya ta ɗaga, ta danna ɗaya. Ni ina lungu da kumburarren harshena. Ƙara ɗaya ya yi, ba a kai ga na biyu ba muryar Baba ta fito tar, har mu da ke gefe muna ji: "Ofishin gaba, Ndagi ke magana. Ina sauraro."

Hajiya ta ce, "A turo likita." Kafin ta mayar da kan tarhon mazauninsa mun ji takun likita a tsakar gida. Ta buɗe fayil ta yi 'yar alama. Mutanen ƙungiya kuma suka tsaya a ɗakin likita suka ga hoto ya iso, suka gyaɗa kai. Kafin la'asar an sa hannu a takardu, na'ura ta zauna, aka ce Sista ta buɗe ranar Litinin. Matan Paiko da na rugagen kewaye sun huta da shiga bas da naƙuda, kuma yaran da aka fara haifa a ɗakin nan yanzu wasunsu sun fi ni tsawo.

Da motocin suka tafi ina tattara kaya, Baba yana zaune a kujerar ofis bai motsa ba. Ya ce, "Sule, je ka baya ka buga mini."

Na ce, "Baba, ai an gama, ya yi."

"Na sani. Je ka buga."

Na je na danna ɗaya. Yana shiga, ba a ɗauka ba. Sau biyar, sau shida, shiru. Na ce shi ke nan, wani abu ya kwance bayan an sa hannu. Na ajiye kan tarhon a tebur ban kashe ba, na ƙetare tsakar gida a guje. Tun daga baranda na jiyo ƙarar, tana cika ofis. Baba yana zaune a gabansa cikin kakinsa, hannuwa a kan gwiwa, ido a rufe.

Na ce, "Baba, ba ka ji ba ne?"

Ya ce, "Ina ji. Bar shi ya yi kuka kadan. Na dade ban ji ba."

Na ajiye jakata na zauna kusa da shi, muka bar shi yana ta yi.